Ina Gajiya? Ga Ta Nan

Jama'a ku matso, ku gyara zama, ni dai a kwance nake. Da ɗan yatsa ɗaya nake latsa wayar nan, in na gaji in kife ta a ƙirji in huta, don haka duk wadda ta ga kuskure ta yi haƙuri. Ku da kuka cika min akwatin saƙo da "ina kika shiga", to ga ni. Mahaifiyar saurayina Mai Lif ta zo gidanmu! Wallahi ta zo, ta gan ni, kuma bakina ya yi abin da Gwaggo ta rantse har ta koma ga Allah ba za ta yafe masa ba.

Bari in ɗan ja sababbin zuwa a jiki. Ni ce auta a gidanmu, kuma ina da ciwon da likitata ta fassara min da gajiya mai naci. Wani zazzaɓi ne ya kwantar da ni shekarun baya, da ya tashi tafiya sai ya tafi da ƙarfina. An ɗebi jinina har na fara jin tausayin hannuna, kowane gwaji ya fito fes. In kin gan ni, ga kumatu ga haske, sai ki rantse ni ce lafiyar gidan. Amma barci ba ya wartsakar da ni, in tashi da safe kamar an kwana ana kirɓa ni. Doguwar tsayuwa tana juya min kai, hayaniya da haske mai ƙarfi suna tsotse ni, ɓacin rai kuwa ba a magana. Babban munafuncin ciwon nan shi ne ba ya kama ni a ranar da na yi aiki. Sai ya bar ni in yi ta rawar kai, washegari ko jibi ya zo ya danne ni. Shi ya raba ni da aikina na kantin magani, don tsayuwa a bayan teburin sayarwa ta gagare ni. Yanzu zanen katin gayyata nake yi a kwamfuta, a kan gado, da matashi a ƙarƙashin gwiwa.

Shi kuma Mai Lif a benen asibiti muka haɗu. Lif ya lalace, na hau matakala na kasa kaiwa, na zauna na jingina kai da bango ina haki. Sai ga wani dogo da shuɗin kayan aiki, hannu duk baƙin mai, ya tsaya a kaina.

"Baiwar Allah, ki ba ni ɗan lokaci. Ko don ke kaɗai sai lif ɗin nan ya tashi yau."

Ya kuwa tashi. Ni ma tun ranar zuciyata ba ta sauko ba. Shi ne mutum na farko da na faɗa wa ciwona bai ce min "ki dai daure" ba. Cewa ya yi, "Lif ma an rubuta masa iyakar nauyin da zai ɗauka. In an wuce ya yi ƙara ya tsaya cak, kuma ban taɓa jin wanda ya ce masa malalaci ba." Ku faɗa min tsakani da Allah, wace ce za ta ji wannan ba ta narke ba?

To, ina tsakiyar gyara wa wata amarya rubutun katinta sai ga saƙonsa.

"Kina zaune ko kina kwance?"

"Wace irin tambaya ce wannan? A kwance mana."

"Yawwa, ba inda za ki faɗi. Hajiyata ta ce ranar Asabar za ta zo ta gan ki."

Ihun da na yi sai da Mama ta shigo da gudu da ludayi a hannu, ta ɗauka wani abu ne ya cije ni. Na miƙa mata wayar, ta karanta, ta sake karantawa, ta zauna a bakin gado tana "Alhamdulillahi" tana goge ido da gefen mayafi. Kafin in ce kar a faɗa wa kowa tukuna, har ta kira Gwaggo.

Gwaggo yayar Babana ce, kuma ita ta raɗa min Sarauniyar Katifa. A wurinta ciwona sunansa son jiki, maganinsa kuma tsintsiya da bokiti. Kafin la'asar ta iso da jakar kayanta, wai ta zo kwana har sai an gama.

"Ki buɗe kunnenki da kyau," ta ce, tana nuna ni da maɓallin motarta. "Ranar nan kar in ji kalmar ciwo, kar in ji likita, kar in ji asibiti. Wace uwa ce za ta yarda ɗanta ya ɗauko matar da za a riƙa kai wa abinci gado?"

"Gwaggo ai shi ya sani."

"Shi so ne ya rufe masa ido. Uwarsa idonta biyu."

Na kalli Mama ina neman agaji. Ta sunkuyar da kai tana wasa da zoben hannunta.

"Ba ƙarya za mu yi ba, Auta. Shiru kawai za mu yi."

Na ja waya ƙarƙashin bargo na rubuta masa, "Ka faɗa mata?"

"Ban faɗa ba. Maganarki ce, ke ke da ita. In kin ce in faɗa, yanzu zan je ɗakinta."

Na rubuta "faɗa mata", na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Ku fahimce ni, matar nan ita kaɗai ta raine shi bayan rasuwar mahaifinsa, kuma bai taɓa tsallake maganarta ba. In ta ce a'a, shi ke nan, an rufe shafina. Tsoro ya ci ni, na tura masa, "Bari dai ta fara ganina."

Daga nan na shiga tanadin ƙarfi. Likitata ta koya min in tsaya tun kafin in gaji, in yanka aiki ƙanana-ƙanana, duk abin da zai yiwu a zaune kar in yi shi a tsaye. Na mayar wa amaryar nan aikinta na ba ta haƙuri. Wanka a kan kujerar roba, goge baki a zaune, labule a sake, waya sai in ya zama dole. Kitso ma a kwance aka yi min, kaina a cinyar Mama tana yi tana min waƙar da take min ina ƙarama. Gwaggo ta leƙo ta ce, "Oh, ni 'yasu! Har kitson ma sai an bi ta gado."

Rigar kuwa, ku tsaya ku ji. Doguwa ce koriya shar, mai ƙananan duwatsu a wuya da bakin hannu, in na motsa sai su riƙa ƙyalli. Mayafi ruwan madara mara nauyi, ɗan kunne ƙanana, turaren da ba ya hawa kai. A kan takalmi muka yi yaƙi da Gwaggo, ita mai tsini take so, ni na ce ko dai shimfiɗaɗɗe ko a ɗauke ni a kujera. Na ci wannan. Abin da na kasa ci shi ne zumuɗi. Ba wanda yake yarda in na ce murna ma aiki ce, amma wallahi tana cin ƙarfi kamar wanki. Jikina yana kwance, kaina yana can yana jera kujerun ɗakina na aure, barcin da nake tarawa duk ya tsiyaye.

Ranar Asabar na farka garau! Ƙafafu ba nauyi, kai ba hazo, har ina rera waƙa a banɗaki. Na san wannan ƙarfin, na ƙarya ne, zumuɗi ke hura shi. Amma in kin daɗe ba ki ji daɗin jikinki ba, ranar da ya dawo miki ba kya iya ce masa a'a. Gwaggo ta gan ni ina tafiya da sauri ta tafa hannu.

"Kun gani ko? Ashe da ma namiji ne maganin!"

Ta miƙo min tsumma. Na goge teburin falo, na goge talabijin, na canza rigunan matasan kujera, na jera kofunan gilashin da ba a taɓa su sai an yi manyan baƙi. Mama tana cewa "Auta zauna haka", Gwaggo tana cewa "bar ta jini ya zagaya". Ni kuwa sai dariya nake, ina jin kaina kamar kowa.

"Mun iso," ya rubuto. "Ni a mota zan jira. Numfashi nake da ƙyar."

Ga abin dariya: ina soyayya da mai gyaran lif, gidanmu a can saman bene yake, kuma ba lif. Gwaggo ta ce in sauka in taro ta tun daga ƙasa. Na sauka. 'Yar ƙaramar mace ce siririya, da tabarau mai sarƙa a wuya, tsohuwar malamar makaranta, irin masu kallon da sai kin duba ko maɓallin rigarki ya ɓalle. Na karɓi jakarta, muka hau tare. A hawa na ƙarshe na yi murmushi na haɗiye haki.

Dokar Gwaggo ita ce kar in zauna sai an ce in zauna. Na kawo ruwa, na koma na kawo shayi da kek, na tsaya a gefe riƙe da faranti. Gwaggo ta buɗe baki ta fara tallata ni.

"Hajiya, yarinyar nan inji ce. Tun asuba take tsaye, ba ta san zama ba. Duk gyaran nan da kike gani ita ce. Mu har faɗa muke mata ta huta."

Ta yi ta zuba. Ni kuma falon ya fara nisa. Muryarta ta koma kamar daga cikin rijiya, gefen idona ya fara duhu, farantin ya yi nauyin buhu. In na kai nan kalmomi guduwa suke yi daga kaina, in nemi sunan cokali in rasa. Sai na ji Hajiya ta ajiye kofi.

"To 'yata, a matakala ba mu gaisa sosai ba."

"Ina wuni Hajiya, an zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

Jama'a, wa bai san amsar wannan ba? Yaron da bai iya ɗaura wando ba ya san ana cewa "ba gajiya". Ni kaina na faɗe ta sau ba adadi, na faɗe ta ina kwance ban iya ɗaga kai, na faɗe ta har a gaban likita. Amma ranar na laluba inda take zama a bakina na tarar ba ta nan. Abin da ya rage kawai tambayar ce tsirara, kamar yau na fara jin ta: ina gajiya take? Wata ta tambaye ni inda abu yake, ni kuma na san inda yake.

"Ga ta nan, Hajiya," na ji bakina ya ce. "Tana ƙafafuna, tana bayana, ta hau har cikin kaina. In ban zauna yanzu ba faɗuwa zan yi."

Na dire farantin, na zame a kan kafet da koriyar rigata da duwatsuna da komai.

Mama ta dafe ƙirji. Gwaggo ta ƙyaƙyace da wata dariya mai kama da tari.

"Kai, Auta da barkwanci! Hajiya wasa take, hidimar tarbarku ce ta..."

Hajiya ta ɗaga hannu ba tare da ta kalle ta ba. Irin ɗaga hannun da ke sa aji guda ya yi shiru.

"Shekara da shekaru ina tambayar mutane ina gajiya," ta ce, "sai yau na samu wadda ta san inda take. Ɗora ƙafarki a kan matashin nan, ki ba ni labari."

Na ba ta. Da kalmomin da suka rage min, a karkace, ina yi ina tsayawa. Zazzaɓin, gwaje-gwajen, kantin da na bari, kujerar robar banɗaki. Ba ta ce "ayya" ba, ba ta ce "Allah ya sawwaƙe" ba, tambaya kawai take jefowa.

"Ana warkewa?"

"Wasu suna samun sauƙi sosai, wasu suna zama da shi. Likita ba ta yi min alkawari ba."

"Ɗana ya sani?"

"Tun ranar farko."

"Hawan benen nan da kika yi da jakata fa?"

"Yau ba komai, Hajiya. Jibi ne zan ji a jikina."

Ta gyaɗa kai. Ta shanye shayinta tas, ta yaba kek ɗin, ta yi wa Mama godiya, ta ɗauki jakarta da kanta. Na yunƙura zan raka ta, ta ce, "Zauna." Ko a fuskarta ban karanci komai ba.

Ƙofa na rufuwa Gwaggo ta fashe. Wai na kunyata zuri'a, wai gaisuwa ma ban iya ba, wai da ta san haka ne da ba ta ɓata man motarta ba. "Ana ce miki ina gajiya kina nuna wa mutane gaɓoɓi! Asibiti aka ce miki nan?" Mama tana kuka ƙasa-ƙasa tana tattara kofuna. Ni kuwa, ku yarda ko kar ku yarda, wani daɗi ne ya lulluɓe ni. Ina kwance a kafet ina kallon fanka ina murmushi ni kaɗai, tsoro yana nan amma ƙirjina sakayau. Na jawo waya.

"Na faɗa mata. Komai."

"Ke! Da gaske? Kai, ina alfahari da ke."

"Me ta ce a mota?"

"Ba ta ce komai ba. Ta dai ce in kashe rediyo."

Washegari ma shiru. Ya ce ta yi girki, ta yi shara, ta tambaye shi ko ya yi wa maƙwabciya gyaran famfonta da ya yi alkawari, amma sunana bai fito daga bakinta ba. Gwaggo ta haɗa jakarta ta tafi ba sallama.

Jibin kuwa ya zo da kayansa. Na farka na kasa juyawa. Maƙogwaro yana ciwo, kowace gaɓa tana zugi, hasken da ke ratsowa ta gefen labule kamar allura. Mama ta kawo ruwa na kasa riƙe kofin, sai da ta tallafo kaina. Kitson nan ya tuje, tsohuwar rigar barci ce a jikina mai yagaggen hannu, ɗakin sai warin man zafi. Da hantsi na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar gida, na ji Mama ta ce "Innalillahi, Hajiya, ai da kin sanar", na ji takun ƙafa yana nufo ɗakina.

Wayyo Allah, da ƙasa za ta tsage! Na nemi ko mayafi in ja, hannuna ya ƙi.

Ta cire takalmi a bakin ƙofa. Ba ta kunna fitila ba, ba ta taɓa labule ba. Ta ce wa Mama, "Ba mu wuri kaɗan," ta tura ƙofar, ta jawo kujerar kwamfutata ta zauna daf da kaina. Da ta yi magana, a hankali ta yi.

"Kar ki motsa, kar ki gaishe ni. Ranar Asabar na ga wadda aka shirya. Yau na zo ganin wadda ɗana zai zauna da ita."

Hawaye ya gangaro min ta gefen ido ya shiga kunne, ta sa gefen mayafinta ta goge.

"Ciwonki bai tsorata ni ba. Na yi jinyar mahaifinsa har Allah ya karɓi abinsa, na san abin da jinya take ci a gida, na san abin da take bari. Da kin ce min ba gajiya, na zo yau na same ki haka, da shi ke nan tsakaninmu. Wannan jarrabawar kin ci ta."

Zuciyata ta yi tsalle, saura kaɗan in yi guɗa a kwance. Sai ta ci gaba.

"Ɗana nake tsoro. Tun yana ƙarami abin da ya lalace yake so. Rediyo, agogo, fitilar maƙwabta, ya kwana a kansu ba ci ba sha. Ke kuma kin ce ba a yi miki alkawarin gyaruwa ba. Shi zan yi masa tasa tambayar. Ke ga taki: shi kike so, ko jinyar da yake miki?"

Na buɗe baki, ta girgiza kai.

"Ba yau ba. Ranar da kika samu ƙarfi ki kira ni. Ni, ba shi ba."

Ta ɗauki wayata daga kan matashi, ta sa lambarta, ta gyara min bargo ta fita.

Na zauna da tambayar nan a cikin duhun ɗaki. Na ce ai wannan mai sauƙi ce, bari in lissafa abin da nake so a wurinsa. Yana jira na. Yana rage tafiya in muna tare. Yana sassauta murya in kaina na ciwo. Ba ya fushi in na yi kwana biyu ban amsa saƙo ba. Ya san ranar da zai zo da ranar da zai bar ni. Na ci gaba da lissafi, amma duk wanda na ɗauko sai in ga ciwona a tsakiyarsa. Wace kala yake so? Me ke ba shi haushi a wurin aiki? Wa ye babban abokinsa? Jama'a, ban sani ba. Kullum hirarmu daga "ya jiki" take farawa, a "ki huta" take ƙarewa.

Wayar ta yi haske.

"Ta fito? Me ta ce? Ya jikin?"

Na daɗe kafin yatsana ya yarda. Na rubuta masa, "Yau kar ka tambaye ni jiki. Ba ni labarinka, wanda babu ni a ciki, babu ciwona."

Ya karanta. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace. Ta sake fitowa, ta daɗe, ta sake ɓacewa. Mutumin da bai taɓa rasa abin ce min ba.

Har yanzu wayar tana hannuna, kuma ga alamar ta sake fitowa.